Gilashin Waya In Ya Tsage: Bayani Ga Iyayen Ƙasa Da Magatakarda

An shirya wannan ɗan littafi ne domin iyayen ƙasa da hakimai da magatakarda na yankin Jega da Aliero da Maiyama, cikin Masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi. Abin da ya ƙunsa shi ne bayanin gilashin nan da ke fuskar wayar hannu da sauran na'urori danginta, wanda a ke sarrafawa da shafar yatsa, da kuma abin da ya kamata a yi in ya tsage. Wani zai ga kamar maganar ta yi ƙanƙanta da a buga mata littafi. Amma in an duba abin da ke cikin wayar magatakarda a yau, sai a ga ba ƙaramar magana ba ce.

Tun da wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya cikin shekarar 2001, aikin ofishin uban ƙasa ya yi ta komawa cikinta kaɗan kaɗan. A ciki a ke ajiye lambobin hakimai da masu unguwanni, da hotunan takardun da a ke aikowa daga ƙaramar hukuma ko daga fada, da hotunan iyakokin gonaki, har da muryoyin mutane da a ke ɗauka wajen zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya ko wajen rabon gado. Abin da a da a ke kullewa cikin akwatin ƙarfe, yanzu yana cikin aljihu, ba abin da ya rufe shi sai gilashin da kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Saboda haka ran da gilashin ya fashe, abubuwa biyu ne ke cikin haɗari, watau kuɗin gyara da kuma asirin jama'a. Na biyun ya fi na farkon nauyi nesa ba kusa ba.

Bayanin nan bai tsaya ga waya kaɗai ba. Ya haɗa da kwamfutar hannu mai faɗi kamar allo, wadda a kan raba wa ma'aikata domin ɗaukar sunaye, ya kuma haɗa da 'yan na'urorin nan na sauraron karatu da waƙa da kallon hoto. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce iPod, wadda kamfanin Apple na Amurka ya fito da ita cikin 2001, ya kuma yi mata irin mai gilashin shafawa cikin 2007. Kamfanin ya daina yinta cikin watan Mayu 2022, domin waya ta riga ta ƙwace mata aiki. Duk wanda ke da irinta har yanzu ya san kayan gyaranta sai ƙara wuyar samu su ke yi, don haka shi ya fi kowa bukatar ya kwashe abin da ke cikinta tun tana da lafiya.

YADDA GILASHIN YA KE

Abin da jama'a ke kira sikirin ba abu ɗaya ba ne, falle uku ne aka ɗora wani kan wani.

Na sama shi ne gilashin da yatsa ke taɓawa, aikinsa tsaro ne kawai. Ba irin gilashin taga ba ne. A masana'anta ana tsoma shi cikin narkakken gishiri mai zafin wajen digiri 400, sai ƙwayoyin fotashiyam, waɗanda su ke manya, su shiga gurbin ƙwayoyin sodiyam ƙanana da ke fatar gilashin. Tamkar a zare ƙananan tubala ne daga katanga a cusa manya a gurbinsu, su matse juna. Wannan matsewa ita ce ƙarfinsa. Kamfanin Corning na Amurka shi ne ya yi suna da irin wannan gilashi, nasa ne aka sa wa iPhone ta farko cikin 2007. Amma ƙarfin a fata ya tsaya. In wani abu mai tsini ya huda fatar, ko wayar ta faɗi ta kusurwa a kan dakali, sai tsaga ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe cikin ƙiftawar ido. Ya kamata kuma mutanen ƙasar nan su san yashi ya fi gilashin tauri. 'Yan ƙwayoyin yashin da ke taruwa a gindin aljihu su ne ke ƙarzar sa kullum, kowace ƙarza kuwa ƙofa ce ta tsagar gobe.

Falle na biyu shi ne mai jin taɓawa. An shimfiɗa masa layukan lantarki sirara a tsaye da a kwance, kamar saƙar tabarma, amma ido ba ya ganinsu. Galibi da wani haɗi na indiyam da kuza a ke yinsu, kuza dai irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos. Da ya ke jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, in yatsa ya kusanci mahaɗar layi biyu sai ya janye kaɗan daga cikin lantarkin wurin, injin wayar ya gane inda aka taɓa. Dalilin da ya sa ke nan kara ko tsinke ba ya motsa ta, jiƙaƙƙen hannu kuwa ya kan rikita ta. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Bature mai suna E. A. Johnson ya bayyana ta a garin Malvern na Ingila tun cikin 1965, domin taimakon masu lura da zirga-zirgar jiragen sama.

Na ƙasa shi ne mai nuna hoto da rubutu. Iri biyu ne. Akwai mai fitila a bayansa, wanda a ke kira LCD, akwai kuma wanda kowane ɗigo nasa ke ba da haske da kansa, ana kiransa OLED ko AMOLED. Na biyun ya fi kyan launi, ya kuma fi tsada ƙwarai.

A tsofaffin na'urori, da kwamfutocin hannu masu araha, akwai 'yar tazara tsakanin gilashin sama da mai nuna hoto, don haka ana iya canza ɗaya a bar ɗaya, kuɗin ya zo da sauƙi. Haka iPod mai shafawa ta ke a zubinta uku na farko, amma daga zubi na huɗu, na 2010, aka manne su wuri ɗaya. Yawancin wayoyin yanzu haka su ke, an like fallayen uku da wani gam mai haske kamar ruwa. In mai gyara ya ce sai an canza duka alhali kuwa gilashin sama ne kaɗai ya tsage, ba lalle ne cuta ya ke nufi ba. Raba su yana bukatar injin musamman da ɗaki marar ƙura, ba kowace rumfa ke da su ba.

GANE INDA CIWON YA KE

Kafin a tashi ɗan aike daga ƙauye zuwa kasuwar Jega, gara a zauna a duba wayar da kyau, domin wanda ya san abin da ya lalace ba a cika yi masa ciniki a duhu ba. In ga tsaga amma hoto yana fita sarai, ko'ina kuma yana jin yatsa, to gilashin sama ne kaɗai. In wani yanki ya daina ji, ko wayar ta riƙa buɗe abubuwa da kanta tana kiran mutane ba wanda ya taɓa ta, to layukan falle na biyu sun tsinke. In kuwa baƙin tabo ya bayyana kamar an kifar da tawada, yana yaɗuwa kowace safiya, ko layuka masu launi suka ratso, to mai nuna hoton ya tafi. Wani lokaci fuskar ta kan yi duhu ƙirin amma ana jin kira yana shigowa. Sai a haska ta da tocila kusa kusa, in an hango inuwar rubutu, fitilar baya ce ta mutu, watakila ma gyaran bai kai na canza sikirin ba.

Akwai alama ɗaya da ta bambanta da waɗannan, ita ce kuwa ta fi su haɗari. In gilashi ya ɗago daga jikin waya ko ya tsage alhali ba ta faɗi ba, ko bayanta ya yi tozo, to batir ne ya kumbura ya ke turowa daga ciki. Kada a danna ta don ta koma, kada kuma a sake sa ta a caji. Batirin litiyam in ya huje ya kan kama da wuta. Zafi ne babban abin da ke jawo wannan. Kamfanin Apple ya ce an yi na'urorinsa su yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, ga shi kuwa a nan da bazara ya kan haura 40. Waya a gaban mota da tsakar rana, ko a wurin mai caji an jibge ta da wasu ashirin a ƙarƙashin rufin kwano, tana cin kwanakinta ne.

Mutanen Aliero sun yi suna a kan ɗori, har daga nesa a ke kawo musu masu karaya. Amma gilashi ba ƙashi ba ne, ba ya haɗewa. Man goge baki da a kan ce a shafa, da gam mai kama nan take da wasu ke ɗigawa cikin tsaga, ba abin da su ke yi sai ɓarna, domin su kan sulale su toshe kafar jin magana ko su taɓa layukan lantarki. Abin da ke da amfani shi ne a rufe fuskar da salatif mai haske, don kada ɓarɓashi ya yanki yatsa ko kunne, kuma don ya rage shigar ƙurar hunturu da gumi da ruwan damina. Wannan jinkiri ne kawai, ba magani ba ne.

ABIN DA ZA A YI KAFIN A MIƘA TA

Nan ne aikin magatakarda ya ke, nan ne kuma aka fi yin sakaci.

Ran da gilashi ya tsage, a ranar za a kwashe abin da ke cikin wayar zuwa kwamfuta ko wata waya ko memori, tun tana jin yatsa. Tsaga ba ta tsayawa inda ta fara, wayar da ke aiki yau da safe tana iya ƙin buɗewa da yamma. In ta riga ta daina ji amma hoto yana fita, akwai dabara ga yawancin wayoyin Android. A nemi ɗan mahaɗin nan da a ke kira OTG, a sa shi a kafar caji, a jona masa linzamin kwamfuta. Sai ɗan kibiya ya bayyana a fuskar, da shi za a buɗe makulli a kwashe kaya.

Sa'an nan a zare sim da memori a riƙe su a hannu. Tun watan Disamba 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, don haka duk abin da aka aikata da layin, sunan mai shi zai fito. Ban da wannan, mutane da yawa ta layin nan su ke aika kuɗi daga banki. Barin sim a rumfar gyara daidai ya ke da barin hatimin ofis a kan teburin mai shayi.

A rubuta lambar jikin wayar cikin littafin ofis. Ana samunta in an danna *#06#, lamba ce mai ɗigo 15, ana kiranta IMEI, kuma tana rubuce a jikin kwalin da aka sayo wayar a ciki. Da ita za a tabbatar wayar da aka kai ita ce aka komo da ita. A rubuta kuma ainihin lambar zubin wayar, ba sunan kamfani kaɗai ba, domin Tecno ko itel ko Samsung kowanne yana da zubi barkatai masu kama da juna a ido, amma sikirin ɗin wannan ba ya shiga wancan.

Saura maganar lambar sirri. Mai gyara ya kan nemi a ba shi don ya gwada aikinsa, ba kuwa laifi ya yi ba da ya nema. Yawancin masu wannan sana'a mutanen kirki ne, samari masu neman halaliyarsu. Amma rumfar gyara ba ta rabuwa da yara masu koyo da abokan hira, kuma murya ɗaya ta zaman sulhu in ta fita ta shiga WhatsApp, ta isa ta tayar da rigimar da uban ƙasa ya yi wata uku yana kashewa. Wanda ya yi magana a gaban manya bisa amana, in ya ji muryarsa a kasuwa, ba zai sake buɗe baki ba. Ban da wannan kuma, cikin watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta ɗora wa masu riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Hanyar da ta fi ita ce mai wayar, ko wani amintacce daga ofis, ya zauna a wurin har a gama, in lokacin gwaji ya yi ya buɗe da hannunsa. Canza sikirin in kaya suna nan ba ya cika wuce awa ɗaya ko biyu. Wasu wayoyin Samsung tun 2022 suna da wani tsari na lokacin gyara, wanda ke ɓoye hotuna da saƙonni ya bar mai gyara ya yi gwajinsa. Mai irin wannan waya ya kunna shi. In kuwa dole sai wayar ta kwana, to a share ta sarai bayan an tabbatar an kwashe kome.

ZAƁEN SABON GILASHI

Yawancin kayan nan a ƙasar Sin a ke yinsu, su shigo ta manyan kasuwannin waya kamar Computer Village ta Ikeja a Legas da Farm Centre ta Kano, daga nan su bazu. In babu irin wanda a ke nema a Jega, sai a aika Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano, a jira kwana biyu. Jiran ya fi a karɓi wanda ba nasa ba.

Kaya suna hawa hawa. Akwai na kamfani, akwai wanda aka ciro daga wata wayar da ta mutu, akwai kuma na kwaikwayo. Wanda aka fi cutuwa da shi shi ne a sa wa waya mai AMOLED sikirin LCD mai araha. A cikin inuwar rumfa ba a ganin bambanci, sai an fita rana a ga rubutu ya dushe, batir kuma ya riƙa saurin ƙarewa, in wayar mai karanta zanen yatsa ta cikin gilashi ce ta daina karantawa. Ba laifi ba ne mutum ya sayi mai araha in abin da aljihunsa ya iya ke nan, laifin shi ne ya biya kuɗin na kamfani a sa masa na kwaikwayo. Don haka a tambaya tun farko, a kuma sa mai gyara ya rubuta irin da ya sa a jikin rasit. Kamfanonin Tecno da Infinix da itel suna da wuraren gyara nasu masu suna Carlcare a manyan garuruwa. Galibi garanti ba ya ɗaukar fashewar da faɗuwa ta jawo, kuma in an buɗe waya a wani wuri garantin sauran sassanta ya kan faɗi, saboda haka sabuwar waya gara a fara kai ta can. In kuwa kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabuwa, wayar kuma ta tsufa batirinta ya gaji, hankali ya fi karkata ga a haƙura da ita.

YADDA A KE AIKIN

Ba a kawo wannan don magatakarda ya ɗauki wuƙa ya buɗe wayar ofis da kansa ba. An kawo shi ne don wanda ke zaune a rumfa ya iya bambanta gwani da ɗan koyo.

Gwani ya kan kashe wayar tukuna, ya fi so kuma cajinta ya kasance ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, domin cikakken batir shi ya fi saurin kamawa da wuta in an yi kuskure. Sa'an nan ya ɗumama gefunan don gam ya saki, zafi daidai wanda hannu ba zai iya daɗewa a kai ba, ba wanda zai narkar da roba ba. Ya zura siririyar roba ya bi gefe a hankali. Yawancin wayoyin Android ta baya a ke buɗe su, iPod da iPhone kuwa galibi ta gaba. Da ya buɗe, abin da zai fara cirewa shi ne mahaɗin batir, kafin ya taɓa kome. A iPod mai shafawa an like batir da dalma a jikin inji, shi ya sa aikinta ya fi wuya, ya fi kuma bukatar hannu mai sanyi. Sikirin yana haɗe da inji ta wata 'yar igiya mai faɗi, siririya kamar tsagin kaba, wadda in an fizge ta ta yage shi ke nan. Ƙananan noti kuwa kowanne da raminsa, in an sa dogo a ramin gajere ya kan huda abin da ke ƙasa, don haka gwani ya kan jera su bisa tsari yadda ya ciro su.

Babbar alamar wanda ya san aikinsa ita ce ya jona sabon sikirin ya kunna ya gwada tun bai sa gam ba. Mai sayar da kaya ba ya karɓar wanda aka riga aka like. Bayan gwaji sai ya kankare tsohon gam da ɓarɓashin gilashi daga jikin wayar, domin ƙwaya ɗaya da ta saura tana iya fasa sabon daga ciki. Ya zizara sabon gam siriri, ya ɗora, ya ɗaure da roba. Gam ɗin ya kan so kwana ɗaya kafin ya kama sosai, don haka kada a cusa wayar cikin matsattsen aljihu a hau babur da ita a ranar.

Kafin a biya, mai wayar ya yi nasa gwajin. Ya danne wata alama da yatsa ya ja ta ko'ina a fuskar, har kusurwa huɗu, ya ga ko za ta kuɓuce a wani wuri. Ya rubuta saƙo ya taɓa kowane harafi. Ya kira wani ya kara a kunne, ya duba ko fuskar tana mutuwa da kanta kamar yadda ya kamata, domin in ba ta mutuwa kunci zai riƙa katse kira. Ya fita da ita rana ya duba haskenta. Ya kuma gwada lambar IMEI da wadda ke littafi. Ya sani kuma wayar da aka taɓa buɗewa ba ta ƙara tsare ruwa kamar da, ko da an sayar da ita a kan tana tsarewa.

A karɓi tsohon sikirin a komo da shi ofis tare da rasit, musamman in na'urar ta hukuma ce, domin shi ne shaidar an yi aikin da aka biya, sa'an nan a rubuta rana da kuɗi da sunan rumfa a littafi. In an gama da shi a naɗe shi cikin takarda mai kauri, kada a yar inda yara ke wasa ko dabbobi ke kiwo. Tsohon batir kuwa kada a jefa shi cikin bolar da a ke ƙonawa, a bar shi wurin mai gyara.

Sabon gilashi a ɗora masa gilashin kariya tun a rumfa, a sa wa wayar riga mai tudu a kusurwa. Kuɗinsu duka biyu bai kai kusa da na sikirin ba. A kuma daina sa ta a aljihun gaba na riga, domin daga nan ta fi zamewa in mutum ya sunkuya gaisuwa ko zai hau babur.